Gonakin Tokar da Ƙauyukan Gaɓar Bahar Maliya: Tambayoyi da Amsoshi

Tun bayan ambaliyar watan Agusta na 2024, 'yan'uwa daga Bur Sudan da Kasala da Gadarif, har da waɗanda zama ya kai su Jidda da Makka, suke ta aiko da tambayoyi a kan halin da gonakin Tokar suke ciki, da kuma makomar ƙauyukan da suka dogara da su. Na tattara waɗanda suka fi maimaituwa na amsa su a nan, gwargwadon abin da na gani a gona da abin da na koya a bakin dattawan da suka riga mu riƙe fartanya a wannan ƙasa.

Ina ne Tokar, kuma yaya ake noma a wurin da ruwan sama bai taka kara ya karya ba?

Tokar gari ne a gabashin Sudan, a kudancin Jihar Bahar Maliya, tafiyar kilomita 150 da ɗoriya daga Bur Sudan idan aka bi ta Sawakin aka nausa kudu. Ruwan saman da ke sauka a wannan gaɓa kaɗan ne, kuma ba ya zuwa a lokacin daminar da aka sani a Gadarif ko ƙasar Hausa, sai da sanyi, tsakanin Nuwamba da Janairu. Abin da ke raya gonakin shi ne Kogin Baraka, wanda ke tasowa daga tsaunukan Eritiriya, Kogin Ansaba ya haɗu da shi a hanya, sannan ya ratso duwatsu ya faɗo cikin shimfiɗaɗɗen fili kafin ya isa teku. Mafi yawan shekara busasshen rairayi ne da yaro zai ƙetare da ƙafa. Daga tsakiyar Yuli zuwa Satumba kuwa, idan sama ta zuba a can tsaunuka, sai ya taho da ƙarfi zuwa bayan zuwa, ruwan ya yi kauri da laka kamar kunu, ya bazu inda ya ga dama.

Manomin Tokar ba ya ban ruwa kamar manomin Jazira, babban filin noman ban ruwa da ke tsakiyar Sudan. Jira yake yi ruwan ya kwanta a gonarsa ya nutse, domin lakar nan mai zurfi ce, kuma idan ta sha ta ƙoshi tana riƙe danshi na watanni. A daidai wannan lokaci ake fama da hababai, iskar nan mai ƙura da ke rufe rana har a rasa ganin mutumin da ke gabanka, saboda haka sai ta lafa ƙasa kuma ta sha iska ake fita shuka, daga Satumba zuwa gaba. Da danshin ambaliya ɗaya da 'yan yayyafin sanyi ake samun dawa da gero da auduga, da kankana da tumatir da kuɓewa. Filin da aka ƙididdige wa shirin noman Tokar ya haura faddan 400,000, kowane faddan kuwa murabba'in mita 4,200 ne, amma abin da ruwa ke shafa a shekara wani yanki ne kawai, bana ya faɗaɗa, baɗi ya tsuke.

Me ya haɗa Hausawa da wannan ƙasa?

Auduga da hanyar Makka. Ahmad Mumtaz Basha, gwamnan Sawakin a zamanin mulkin Turkawa da Masar, shi ya shigo da noman auduga Tokar a shekarun 1860, kuma ta karɓu sosai har daga baya, a zamanin Turawan Ingila, aka shimfiɗa ƙaramin layin dogo mai kai ta bakin ruwa a Tirinkitat. Auduga tana son hannu da yawa wajen noma da tsinka. A gefe guda kuma, kakanninmu suna tahowa da ƙafa daga yamma da niyyar sauke farali, kuma tahowar ta ƙaru bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da jama'a har suka zauna a bakin Shuɗin Nilu, a garin da ke ɗauke da sunansa har yau. Mai niyyar hajji yana buƙatar kuɗin jirgin ruwa daga Sawakin zuwa Jidda, sai ya tsaya ya yi ƙodago a Jazira ko Gash, filin noman da ke wajen Kasala, ko Tokar. Wasu sun tara sun haye, wasu sun dawo daga hajji sun ga ƙasar ta karɓe su sun zauna. Jikokinsu ne mu. An binne iyayenmu a nan, saboda haka idan ana zancen makomar wannan ƙasa, da mu ake.

Me ake nufi da kare gona? Ai ƙasa ba ta gudu.

A Tokar tana gudu, kuma ta hanyoyi huɗu na ga tana yi. Miskit, wani itace mai ƙaya, yana cinye ta, rairayin da iska ke turowa yana binne ta, kogi yana sauya hanya ya bar ta da ƙishi shekara da shekaru, gishiri kuma yana tasowa ta ɓangaren teku. Duk huɗun nan suna samun ƙarfi ne a gonar da mai ita ya yi nisa. Gonar da ake shiga kowace shekara, ana cire tsiron miskit tun yana ƙarami, ana gyara mata hanyar ruwa, tana nan yadda kakanni suka bar ta. Wadda aka bari shekara uku ko huɗu kuwa, sai mai ita ya dawo ya kasa gane iyakarta. Shi ya sa ba na raba zancen kare gona da zancen riƙe mutane a ƙauye; abu ɗaya ne.

Wane irin itace ne miskit, kuma me ya sa ya gagara?

Baƙo ne daga nahiyar Amurka. An shigo da shi Sudan a 1917, aka fara dasa shi a kewayen Hartum, kuma da kyakkyawar niyya aka yi, domin yana jure fari, yana tsayar da rairayi, yana ba da inuwa da itacen girki a inda babu wani itacen da zai rayu. A shekarun fari na 1970 da 1980 an ƙara yaɗa shi a wurare da dama don tare kwararowar hamada. Bai daɗe ba ya fi ƙarfin masu dasa shi, har a 1995 gwamnati ta ayyana shi a matsayin mugun tsiro da ya kamata a kawar. Tokar da Gash da Sabuwar Halfa suna cikin wuraren da ya fi yi wa ɓarna.

Dalilin gagararsa yana cikin halittarsa. Saiwarsa tana nutsawa ƙasa da nisa ta kamo ruwan da amfanin gona ba ya kaiwa, wasu saiwoyin kuma suna bazuwa gefe su shanye danshin da manomi ya yi shekara yana jira. 'Ya'yansa masu zaƙi ne, awaki da raƙuma da jakuna suna son su, ƙwayar kuma tana fita cikin kashin dabba lafiya lau, ta ma fi saurin tsirowa, don haka duk inda garke ya kwana an yi masa shuka har da taki. Ambaliya tana kwasar ƙwayar ta raba wa gonaki, wadda ba ta tsiro bana ba kuma tana iya kwanciya cikin ƙasa shekaru tana jira. Idan aka sare shi daga sama, kututturen yana fitar da rassa da yawa a maimakon ɗaya. Ga ƙaya mai huda takalmi da tayar mota, wadda idan ta soki ƙafa ciwon kan daɗe bai warke ba.

Akwai wata ɓarnar da ba kowa ke lura da ita ba, alhali a ganina ita ce babba. Inda miskit ya yi duhu, yana tare ruwan kogi, laka ta taru a gindinsa, wurin ya yi tudu, sai ruwan ya karkata wani wajen. Ta haka gonar da ba ta da miskit ko ɗaya take rasa ruwa saboda kurmin da ya tsiro a gonar wani can sama da ita. Mutum ɗaya ba ya iya tsare gonarsa shi kaɗai a Tokar, komai ƙwazonsa.

To yaya ake kawar da shi yadda ba zai dawo ba?

A bara waccan na taya wani baffana sassabe a gonar da ya bari tun rashin lafiyarsa. Mu shida muka fita bayan sallar asuba da gatura da diga da adduna. Ba a fara da sara. Ana fara janye rassan ƙasa da sanda mai ƙugiya don a samu wurin tsayawa, sannan a tona kewayen gindin har a wuce kumburin nan da ke ƙarƙashin ƙasa, inda sababbin rassa ke fitowa, kamar taƙi ɗaya ko fiye, sai a sare saiwar daga can ƙasa da shi. Idan aka bar kumburin, aikin banza aka yi. Wasu kan tara busassun rassa a kan kututturen su cinna wuta har ya ƙone ciki. Kafin rana ta take mun tumɓuke goma sha ɗaya kacal, hannun kowa ya yi kanta, Baffa kuwa yana zaune a inuwa yana nuna mana inda iyakar gonar take da bakin sandarsa, domin shi kaɗai ya san ta.

Manyan injuna suna iya share faddan da yawa cikin kwanaki, kuma an sha kawo su. Amma share gona rabin aiki ne. Idan ba a shuka ta a wannan shekarar ba, kuma ba a bi ta ana fizge ƙananan tsiro bayan kowace ambaliya ba, ƙwayar da ke kwance a ƙasa za ta tashi gaba ɗaya, kurmin da zai biyo baya ya fi na farko duhu. Saboda haka duk wanda zai kashe kuɗi a kan sharewa, ya fara tabbatar da wanda zai noma wurin shekara uku a jere. Tsiron wata biyu da hannu ake cire shi, na shekara biyu kuwa sai da diga.

Amma mutane da yawa da gawayin miskit suke ciyar da iyalansu. Idan aka kawar da shi, me za su ci?

Wannan tambaya ce ta gaskiya, kuma bai dace a yi mata amsar raini ba. A shekarun da kogi bai zo da kirki ba, gawayi ne ya rufa wa gidaje da yawa asiri, namu da na maƙwabtanmu kabilun Beja, kuma buhunan da ake lodawa zuwa Sawakin da Bur Sudan shaida ne. 'Ya'yansa ma abincin dabbobi ne idan aka niƙa su aka gauraya da wani abin, niƙan kuma yana kashe ƙwayar. Illa dai dabbar da aka bari a kansu su kaɗai na tsawon lokaci takan samu ciwon muƙamuƙi ta rame.

Abin da nake gani shi ne a raba wuri. A cikin filin da ruwa ke kwanciya da bakin hanyoyin ruwa, kada a bar ko ɗaya. A can gefe, inda rairayi ke barazana kuma ba a noma, a bar shi ya yi aikin da aka kawo shi dominsa, a riƙa sara ana gawayi. Kuma a daidaita da masu gawayi cewa wanda ya tumɓuke har saiwa a cikin gona ladarsa ta fi ta wanda ya sare sama ya tafi, domin mai saran sama, ko bai nufa ba, renon itacen yake yi.

Me ya faru a 2024, kuma ambaliya alheri ce ko masifa?

A ƙarshen Agusta na 2024 an yi ruwa mai yawa a tsaunukan gabas. Madatsar Arba'at, wadda ke arewa da Bur Sudan kimanin kilomita 40 kuma a lokacin ita ce babbar hanyar ruwan shan birnin, ta fashe, ruwan ya shafe ƙauyuka kusan 20, aka yi asarar rayuka da dabbobi da rijiyoyi. A cikin kwanakin nan ne kuma Baraka ya karya kariya ya shiga garin Tokar, gidaje suka rushe, jama'a suka fita da abin da hannu zai iya ɗauka. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya mayar wa waɗanda suka yi asara da alheri.

Ruwan da ya rushe gari shi ne dai ruwan da ake roƙon Allah Ya kawo kowace shekara. Abin da ya kamata a fahimta shi ne, kowace ambaliya tana ajiye laka, filin da ke kewaye yana ƙara tudu shekara bayan shekara, garin kuwa yana nan inda yake, har ya zama yana ƙasa da filin da ruwa ke bi. Ganuwar ƙasa ce kawai ke tsakaninsu. Idan ba a ɗaga ta ana toshe ramukanta kafin Yuli ba, kuma ba a buɗe wa ruwa hanyoyinsa zuwa gonaki ba, dole ya nemi inda ya fi gangare. Gyaran ganuwa da yashe hanyar ruwa aikin rani ne, daga Maris zuwa Yuni, kuma aikin hukuma ne da manyan injuna, amma ƙananan hanyoyin da ke shiga gonaki aikin gayya ne, wanda maƙwabtanmu ke kira nafir.

Teku fa, tana cin gonaki?

A hankali take ci, ta ƙarƙashin ƙasa. Bahar Maliya tana cikin tekunan da suka fi gishiri a duniya, kusan giram 40 a kowace lita. Ruwan daɗi da ambaliya ke zubawa cikin ƙasa shi ke danne ruwan gishiri ya hana shi matsowa. Idan aka yi shekaru ruwa bai kai gonakin da ke kusa da gaɓa ba, ko aka yawaita zuƙar rijiyoyi da injin, sai ruwan rijiya ya fara ɗanɗanon kanwa, daga nan a ga farin ɓawo a fuskar ƙasa, shuka ta tsiro ta ƙone. Maganin da aka sani shi ne a bar ambaliya ta wanke wurin, kuma a rage zurfafa rijiya a kusa da teku.

A bakin ruwan kuma akwai itacen shura, wanda ke tsirowa cikin ruwan gishiri. Yana riƙe gaɓa, ƙananan kifi da jatan lande suna girma a cikin saiwoyinsa, raƙuma kuma suna cin ganyensa idan rani ya tsananta. Sara da yawan kiwo sun rage shi a wurare da dama. Masunta da makiyaya da manoma duk suna da rabo a cikinsa, don haka hutar da wani sashe na 'yan shekaru, ana kiwo a wani, ya fi hani na gaba ɗaya da ba wanda zai bi.

Malam, mu da muke noma a ƙasar da ba sunanmu a kanta, me zai sa mu wahala wajen gyara ta?

Nan ne gizo ke saƙar. Ƙasar gabas tana da masu ita tun kafin zuwanmu, wato kabilun Beja irin su Hadandawa da Artega da Bani Amir da sauransu, kuma suna da dokar gargajiya da suke kira silif. A cikinta akwai asl, wato asalin mallaka da ke hannun zuriya, akwai kuma amara, izinin amfani da ake ba wani, wanda yakan kai wa mai ƙasa ɗan abin girmamawa don shaida cewa ya san mai ita. A gefen hukuma kuma, dokar 1970 ta mayar da duk ƙasar da ba a yi wa rajista ba mallakar gwamnati, kuma ko da aka maye gurbinta da dokar mu'amalolin jama'a ta 1984, tushen maganar bai sauya sosai ba. Filin Tokar kansa yana ƙarƙashin hukumar shirin noma, da sunayen waɗanda aka ba kaso. Yawancin mutanenmu suna shiga ne ta hanyar raba amfani da mai kaso, ko haya ta shekara, ko ƙodago.

Matsalar a bayyane take. Wanda ya san cewa baɗi za a iya karɓe gonar a ba wani, ba zai kashe wata biyu yana tonon saiwar miskit ba, kuma ba wanda zai ga laifinsa. Na san wanda ya share faddan biyar da hannunsa da na 'ya'yansa, shekara ta zagayo mai wurin ya ce yana son abinsa, ya fita ba ko sisi. Shawarata ga duk mai shiga irin wannan aiki ita ce a yi magana tun kafin a ɗaga gatari: shekara nawa zai noma bayan sharewa, kaso nawa ne nasa a shekarun farko, me za a biya shi idan aka fasa. A rubuta a takarda, a sa shaidu daga ɓangarorin biyu, shehin kabilar mai ƙasa da mai unguwarmu ko limami su sani. Wannan ba rashin yarda ba ne, Alƙur'ani ma ya yi umarni da rubuta bashi. Masu ƙasa da yawa sun gane cewa gonar da ke hannun mai noma ta fi gonar da ke hannun miskit, kuma zaman amanar da ke tsakaninmu da su tun zamanin kakanni jari ne da bai kamata a yi wasa da shi ba.

Me ya sa matasa ke barin ƙauyukan?

Saboda abin da suke nema ba ya nan. Yankin kudu da Tokar, wajen Agig da Garora, ya sha yaƙin kan iyaka daga 1997, jama'a suka watse, aka bar nakiyoyi a ƙasa, sai bayan yarjejeniyar zaman lafiyar gabas da aka sa wa hannu a Asmara a Oktoba 2006 aka fara komawa. Shekarun nan da gonaki suka zauna ba kowa su ne suka ba miskit dama mafi girma. Bayan haka ga haƙar zinariya a duwatsu, ga dako a tashar jiragen ruwa, ga Saudiyya a tsallaken ruwa. Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 ya mayar da Bur Sudan mazaunin gwamnati na wucin gadi, birnin ya cika maƙil, kayan abinci suka yi tsada. Wannan tsadar ta nuna darajar Tokar, domin tana cikin manyan gonakin da suka fi kusa da jama'ar birnin, amma tumatir ba ya jure doguwar hanya mara kyau, kuma dillali ne ke yanka farashi idan manomi ba shi da wurin ajiya.

Saurayi ba zai zauna don an yi masa wa'azin kishin ƙauye ba. Zai zauna idan akwai ruwan sha mai daɗi, da makarantar da ƙannensa za su wuce firamare, da ungozoma da magani kusa lokacin da matarsa za ta haihu, da hanyar da mota za ta bi ta kai kayansa kasuwa kafin su ruɓe.

Gaskiya ne fara tana haihuwa a Tokar?

Gaskiya ne. Gaɓar Bahar Maliya, ta nan da ta tsallaken Saudiyya, tana cikin wuraren da farar hamada ke yin ƙwai da sanyi, saboda danshi da ɗanyen ganye, kuma ma'aikatan kare tsirrai suna zagaya Tokar a wannan lokaci. Wanda ya ga ɗango ya taru a gonarsa ko a jeji ya sanar da su da wuri, tun bai yi fiffike ba.

Ina zaune a Jidda shekara 20, gonar mahaifina tana can. Yaya zan taimaka daga nesa?

Ɗan'uwa, fara da sanin halin da take ciki. Ka sa wani amintacce ya je ya tsaya a kanta ya ɗauko maka hotonta ta waya, ya tambayi maƙwabta ko ruwa ya kai ta a shekaru uku da suka wuce, domin gonar da ruwa ya daina zuwa, share ta ba zai amfane ka ba sai an gyara hanyar ruwan tukuna, wannan kuwa sai ka haɗa kai da waɗanda ke sama da kai. Idan akwai takardar kaso ko ta yarjejeniya da sunan mahaifinka, a nemo ta a sabunta, a kuma sanar da sauran magada, mata da maza, don kada aiki ya yi nisa rigima ta taso.

Idan ruwa yana zuwa, ka nemi mai noma ka ba shi wa'adi mai tsawo, shekara huɗu ko biyar, ka sassauta masa kaso a shekarun farko a madadin tumɓuke miskit. Kuɗin da za ka aiko kuma ka daidaita shi da kalandar gona: na sassabe da gyaran hanyar ruwa ya isa hannu kafin ƙarshen Mayu, na iri da shuka a farkon Satumba, na cire tsiro da noma a Oktoba da Nuwamba. Idan kuna da yawa 'yan gari ɗaya a can, ku haɗa kuɗin hayar injin sharewa na gonakin da ke jere da juna a lokaci guda, domin kawo injin daga Bur Sudan shi ne mai tsada, kuma gonaki goma da aka share tare sun fi jure dawowar miskit a kan guda ɗaya da kurmi ya kewaye. In Allah Ya ba ka hutu, ka zo a Disamba, lokacin da dawa ta fitar da kai kuma hanya ta bushe, ka zo da babban ɗanka a nuna masa iyakokin gonar tun dattawan da suka san su suna raye.